Wanda Ya Raba Ba Ya Zaɓa

Mai gidan hayar ya ba su zuwa ƙarshen wata su kwashe kayan Baba. Bai yi rashin mutunci ba. Ya zo da kansa ya yi ta'aziyya, ya sha ruwa, ya yabi mamacin. Sai da ya kai bakin ƙofa yana laluben takalminsa sannan ya ce ɗansa yana son buɗe kantin magani a shagon, ɗakunan baya kuma za a yi musu fenti.

Babu dukiyar da za a yi shari'a a kanta. Baba tela ne, a haya ya rayu, a haya ya rasu. 'Ya'yansa biyu: Malama, wadda ke koyarwa a jami'ar garin, da ƙanenta Auta, mai gyaran injinan asibiti a wata ƙasa mai nisa. Da ƙyar aka ba Auta hutu ya zo, jirginsa kuma ranar Lahadi zai tashi.

Abin da ke damun Malama ba kayan ba ne. Tun da Auta ya tafi, mutuwa kaɗai ke kawo shi gida: ta Mama, sannan ta Baba. Yanzu iyaye sun ƙare. Idan aka rufe shagon nan aka miƙa makulli, babu sauran abin da zai sa ya sayi tikiti. Za su ci gaba da waya, ta riƙa ganin ɗiyarsa tana girma a fuskar waya, yarinyar tana ce mata Gwaggo da harshen da bai saba da kalmar ba. Daga baya wayar ma ta koma saƙon gaisuwa. Zumunta a ƙafa take, ita kuwa ƙafar Auta ba ta da sauran inda za ta taka a garin.

Ta taɓa ce masa ya riƙa leƙo su. Ya ce, “In Allah ya yarda, Yaya.” Kowa ya san irin wannan amsa.

Fannin Malama shi ne yadda mutane ke yanke shawara, da yadda suke auna abin da ɗan'uwansu zai yi kafin su yi nasu. Duk shekara, a makon farko, takan raba wa rabin aji kofunan roba, ɗaya rabin kuma biro. Babu wanda ya zaɓi nasa, kuma kofin bai fi biron daraja ba. Sai ta ce duk mai son musaya ya ɗaga hannu. Hannayen da ke tashi ba sa taka kara su karya. Da zarar kofi ya zama “nawa”, sai ya yi nauyi a hannun mai shi. Takan gaya musu cewa mutum ya fi jin zafin rabuwa da abinsa fiye da daɗin samun irinsa.

Darasi na biyu yana cikin littattafai, amma ita a shagon Baba ta koye shi. Idan aka sayo kankana, Baba ba ya raba musu. Sai ya ajiye wuƙa a kan teburin yanka, ya koma kan keken ɗinkinsa, ya ce, “Wanda ya raba ba ya zaɓa.” Ita ce babba, ita ke yankawa. Har tef ɗin awo take ɗaukowa, domin in ta karkata, Auta zai wawuri babban. Takan ce wa ɗalibai dokar ba ta buƙatar alƙali, kwaɗayi ne ke gadinta. Tana aiki ne saboda kowa yana son babban kashi.

Da waɗannan darussa biyu ta ƙulla dabararta. Ta faɗa wa maigidanta da safe suna shan shayi. Likitan dabbobi ne, mutum mai son tsokana.

“Keken Baba nake so ya faɗa a rabon Auta,” in ji ta. “Ƙarfe ne zalla, ba ya shiga jirgi. Dole ya bar shi a nan gidan. Abinsa ne, yana ajiye a wurinmu. Mutum ba ya mantawa da inda abinsa yake.”

Likita ya ajiye kofi. “Wato tarko za ki ɗana wa ɗan'uwanki.”

“Ba tarko ba ne. Tsara masa zaɓi zan yi.”

“Mu ma in za mu kama kaza ba ma cewa tarko. Cewa muke mun tsara mata hatsi.”

Ba ta yi dariya ba.

“Malama, me zai hana ki ce masa kawai kina kewarsa? Baki ne da ke. Da shi kike ci.”

“Likita, shayinka zai huce.”

Ta tabbata Auta zai zaɓi keken. Shi ne injin farko da ya taɓa kwancewa, yana yaro, ya sha bulala a kansa. Kafin nan ma ƙarƙashinsa yake wuni, yana danna feda da hannu yana kukan mota da baki. Saboda shi ne Baba ya ɗauki wata ɗabi'a: duk sanda zai rufe shago sai ya zare ƙoshiyar keken, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe zaren ƙasa, ya ɓoye ta, don kada yara su ɗinke masa kayan mutane. Malama ba ta taɓa damuwa da sanin maɓoyar ba. Baba kuwa bai daina ba har yaran suka fara furfura.

Ranar Juma'a ta miƙa wa Auta man keke, ta ce ya ɗan duba mata shi kada ya yi tsatsa. So take hannunsa ya taɓa shi. Ya tsuguna ya ɗiga mai a ramukan, ya ƙara wa bel ƙarfi, ya juya ƙafar keken yana sauraron ƙararsa da kunne ɗaya, kamar likita a kan ƙirji. Ya daɗe a haka. Malama ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙeyarsa, inda gashi ya fara zubewa daidai wurin da na Baba ya zube.

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu a shagon. Kayan sawa da katifu an riga an bayar. Auta ya dubi abin da ya rage, ya share zufa.

“Yaya, ki ɗauki abin da kike so, sauran a ba maƙwabta. Tarkace ne.”

“A'a. Dokar Baba.”

Ya dube ta, sai ya fashe da dariya. “Da girmanmu? To wa zai raba?”

“Yaushe ka taɓa rabawa? Jeka waje, shalelen Mama. Kada ka leƙo.”

“To, Farfesa. Ga tef can a rataye, kada ki manta ki auna.”

Ya fita wurin mai aski na kusa da su. Ta ji suna gaisawa.

Ba ta auna komai ba. Ta ja keken zuwa bakin ƙofa inda haske ke faɗowa, ta goge zanen zinaren da ke jikinsa da gefen mayafinta. Kusa da shi ta tara duk abin da ke da amfani: teburin yanka, babban almakashi, dutsen guga, fanka, rediyon da har yanzu yake kamawa. A kusurwa kuma, a kan tsohuwar jarida, ta ajiye kashi na biyu: tabaran Baba mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, hularsa da ta koɗe, tef ɗin da lambobinsa suka goge, guntayen alli, da gwangwanin maɓallai. Gwangwanin ya yi tsatsa a baki, ba ta ma buɗe shi ba. Ta ja baya ta duba. Ko makaho ya laluba ya san inda rabo yake.

Ta kira shi.

Auta ya shigo da guntun gashi a wuyan rigarsa. Ya tsaya tsakanin kashin biyu, hannayensa a baya. Ya je ga keken, ya ɗora tafinsa a kai. Malama ta kau da ido, ta shiga kallon kalandar bara da ke bango. Sai ya wuce kusurwa ya tsuguna. Ya ɗaga tabaran ya leƙa ta cikinsa. Ya girgiza gwangwanin, ya ɓalle murfin da babban yatsa, ya tona maɓallan, ya ɗan dakata, ya mayar da murfin.

“Na ɗauki wannan,” in ji shi.

Ta ɗauka wasa yake. “Auta, duba da kyau.”

“Na duba.”

“Ga keke can. Ga rediyo. Wannan shara ce, da zubarwa zan yi.”

“Wanda ya raba ba ya zaɓa, Yaya. Ba ya kuma ba da shawara.” Ya fara naɗe jaridar da kayan a ciki. “Ni dai rabon nan naki ya ba ni mamaki. Tun muna yara ba ki taɓa yanka kankana a karkace ba. Yau kin karkata har bango. Akwai lauje cikin naɗi.”

“Babu wani lauje. Kai ne mai son keken.”

“Ina son sa. Amma wa ya zauna da Baba yana jinya? Wa ke kai shi asibiti, ni ina can ina gyaran injin wasu? In na ɗauki wancan kashin, da wane ido zan kalli Likita?” Ya miƙe. “Kuma ina zan kai shi? In goya shi a jirgi?”

“Sai ka bar shi a wurina.”

“To ga shi nan a wurinki. An huta.”

Ya cusa ƙunshin a ƙarƙashin hammata. Duk rabonsa bai kai girman biredi ba.

Malama ta zauna a kan kujerar keken. Shekara da shekaru tana faɗa wa ɗalibai cewa dokar tana aiki ne saboda kowa yana son babban kashi, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi abin da zai faru ba idan mai zaɓen kunya yake ji. Ta ƙanƙantar da kashi na biyu don ya guje shi, ashe da hannunta ta haɗa masa abin da zai shige aljihun akwati. Garin neman gira ta rasa ido. Ta tambaye shi ko ya ci abinci.

A filin jirgi ba su yi doguwar sallama ba. Likita ya ɗauki akwatin har bakin layi. Auta ya ce, “Yaya, sai mun yi waya.” Ta ce ya gaida matarsa, ya shafa mata kan yarinya. Ya shige ta ƙofar gilashi, ya juyo sau ɗaya ya ɗaga hannu, jama'a suka rufe shi. A hanyar dawowa Likita ya kunna rediyo, ya dube ta, ya kashe.

Kafin wata ya ƙare aka kawo keken a motar ɗaukar kaya. Maza uku suka yi nishi kafin su shigar da shi falo, suka ajiye shi gefen taga. Ta kai wa mai gidan hayar makulli. Da ta sake bi ta layin, an kankare sunan shagon, an kafa kantoci farare.

Keken ya zauna a falo da ƙyalle a kansa. Baƙi kan tambaya ko ta koma ɗinki ne. Waya tana zuwa daga Auta kamar da, ranar Lahadi, gajeriya: lafiya lau, aiki da yawa, yarinya ta yi mura ta warke.

Wata Asabar da la'asar Likita ya fito da farar rigar aikinsa, aljihun yana reto. Wani ɗan maraƙi ne ya ja shi.

“'Yar tela, ga aiki. Ko sai na bi layi?”

Ta yaye ƙyallen. Ta zura zare kamar yadda ta ga Baba yana yi, ta sa rigar ƙarƙashin allura, ta taka feda. Keken ya tashi sumul, man Auta yana aiki. Allura ta hau ta sauka, ta bi gefen aljihun har ƙarshe. Da ta ɗaga rigar, aljihun ya sake faɗowa. Sai jerin ƙananan huji, babu ɗinki ko ɗaya.

Ta zame ɗan murfin ƙarfen da ke ƙarƙashin allurar. Gurbin ƙoshiya wayam.

Ta zazzage aljihunan keken: allurai, guntun kyandir, wata 'yar sukurdireba. Ta leƙa ƙarƙashi. Sai ta tsaya da neman. Ranar da Baba ya rufe shago na ƙarshe, bai san na ƙarshe ba ne. Ya zare ƙoshiyarsa ya ɓoye kamar kullum, don yaran da ɗaya ke koyarwa a jami'a, ɗaya ke wata ƙasa.

Ta kira Auta ta bidiyo. Ya ɗauka yana tsaye a kicin, ana jin ruwa yana zuba.

“Yaya, lafiya? Yau ba ranarmu ba ce.”

“Ƙoshiyar keken nan.”

Ya kashe famfo. “Sai yau kika taɓa shi?”

“Ina take?”

“Inda take kullum. Cikin gwangwani, ƙarƙashin maɓallai.”

“Tun yaushe ka san nan ne maɓoyar?”

“Tun ina firamare. Wa kike tsammani ya ɗinke labulen Mama da zanin gado?”

“Ranar rabo ka gan ta.”

“Na gan ta.”

“Ka ja bakinka ka yi shiru.”

“Ni zaɓa aka ce in yi. Ke kika raba, Farfesa. Kika tashi kika raba keke gida biyu, ba ki ko buɗe gwangwani ba. Wannan a wane babi yake?”

Likita, da ke kan kujera yana sauraro, ya rufe fuska da jarida. Jaridar tana rawa.

“To ka aiko min da ita,” in ji Malama. “Ga rigar yayanka a yage.”

“Aike? Abu ɗan mitsitsi haka? Ɓacewa zai yi a hanya. Kuma rabona ce, ba na ba da ita. Aro dai zan iya ba ki, hannu da hannu.”

Ta gyara riƙon wayar. “Hannun wa?”

“Sai dai in an samu mai zuwa.” Ya dubi gefe. “Ga ɗiyarki ma ta dame ni. Kullum sai ta zazzage maɓallan a ƙasa, ta ɗauki ƙoshiyar ta ce jirgin ruwa ne. Na ce mata ta keken kakanta ce. Ta ce ina keken? Na ce yana wurin Gwaggo.”

Wani ɗan goshi ya leƙo ta ƙasan wayar, da idanu biyu. “Gwaggo, ina keke?”

Malama ta juya wayar ta nuna mata. Yarinyar ta ce a taka ta gani. Ta taka. Allura ta yi ta hawa da sauka a kan iska, yarinyar tana ihu a can wata ƙasa.

Da fuskar Auta ta dawo, Malama ta ce, “Yaushe?”

“Bari mu ga hutun makaranta. In Allah ya yarda.”

Amsar nan ce dai ta da. Bai ambaci wata ba, bai ambaci shekara ba. Malama ta lura da haka, domin aikinta ne lura. Ta kuma lura bai ce ta sayi wata ba, shi da ya san kowane ƙarfe da inda ake sayar da shi.

Bayan sun ajiye waya Likita ya sauke jaridar. “To, Malama. Tsakanin ke da shi, wa ya tsara wa wani hatsi?”

“Ban sani ba,” in ji ta. Gaskiya ta faɗa. Ko Auta ya ɗauki ƙaramin kashi ne don kunya sannan ya tsinci ƙoshiya, ko ƙoshiyar ya gani sannan ya nemo kunya ya fake da ita, babu gwajin da zai raba mata wannan.

Cikin makon ta shiga kasuwa sayen labule. A layin masu kayan ɗinki akwai wani dattijo mai gyaran keke, kawunan kekuna jere a gabansa kamar awaki a turke. A gefensa akwai faranti cike da ƙoshiyoyi, sababbi da tsofaffi. Ta tsaya.

“Hajiya, wane iri ne keken?”

Ta faɗa masa. Ya tona farantin da yatsa, ya zaro ɗaya, ya hure ta, ya goge a rigarsa.

“Wannan za ta shige kamar da ita aka haife shi. In ba ta yi ba ki dawo min da ita.”

Ta karɓa. Ba ta da nauyi, sanyin ƙarfe kawai. Yau ɗin nan da ta ɗinke aljihun Likita, da labulen da ta saya, da duk abin da ya yage a gidan. Ta juya ta a tafin hannu, sannan ta mayar da ita cikin farantin.

“Ba ta yi ba?” in ji dattijon.

“Ta yi, Baba. Akwai tasa. Tana hanya.”

Da ta koma gida rana ta yi sanyi. Ta ɗauko rigar Likita, ta ja kujera gefen taga inda haske ya fi, ta zura zare a allurar hannu. Ɗinkin hannunta ba shi da kyau, Baba ya sha faɗa. Ta kama bakin aljihun tana bin hujin da keken ya bari, ɗaya bayan ɗaya, ƙafarta a kan feda ba ta taka ba.